Farin ciki farilla ne? Amsa ga wata mai makoki

"Baba Malam, ina gaisuwa. Mijina ya rasu wata tara ke nan, ya bar ni da yara uku. Ina zuwa sujada, amma da an tayar da waƙa sai hawaye. Lahadin da ta wuce wata dattijuwa a majami'armu ta ja ni gefe ta ce kukan ya isa haka, Littafi ya ce mu yi farin ciki kullum, wanda bai yi ba ya karya umarnin Allah. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Da gaske farin ciki farilla ne? In farilla ne, yaya za a umarci zuciya da abin da ba ta da iko a kansa? Ga Kirsimeti na tafe, ni ko girki ba na sha'awa."

'Yata, sannu da rashi. Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari.

Tambayoyi biyu ne kika haɗa, gara mu raba su. Ta farko, ko akwai umarnin farin ciki a Littafi Mai Tsarki. Akwai, kuma ba a wuri ɗaya ba. Dattijuwar nan ba ƙirƙirar aya ta yi ba. Ta biyu, ko hawayenki sun karya wannan umarni. Ba su karya ba. Na daɗe ina koyar da Tsohon Alkawari da Ibrananci a makarantar horar da masu wa'azi, kuma wannan batu yana cikin waɗanda ɗalibai suka fi zuwa da su a karkace. Sun haddace ayar, amma ba su taɓa tambayar wa aka ɗora wa nauyin, ko da me ake sauke shi ba. Zan fara da Attaura, domin daga can maganar ta taso, kuma shi Manzo Bulus, wanda dattijuwar ta jawo ayarsa, Bayahude ne, a cikinta ya tashi.

Abin da Attaura ta ce a yi

Kalmar farin ciki da Ibrananci "simha" ce, kuma littafin da ya fi kawo ta da muryar umarni shi ne Maimaitawar Shari'a, wanda wasu juyi suke kira Kubawar Shari'a. Buɗe sura 16, aya 13 zuwa 15. Ana maganar Idin Bukkoki, idin kwana bakwai da ake yi bayan an gama tattara amfanin gona daga masussuka da wurin matse inabi. Aka ce ka yi murna a idinka, kai da ɗanka da 'yarka, da baranka da baranyarka, da Balawe (mai hidimar Allah daga kabilar Lawi), da baƙo, da maraya, da gwauruwa da suke garinku. Nakan sa ɗalibai su ƙirga mutanen da yatsa, don su ga inda jerin ya ƙare. A kan gwauruwa ya ƙare. Kin ga tun daga nan, matar da mijinta ya rasu tana cikin ayar, amma tana cikin waɗanda aka ce mai gida ya jawo su zuwa akushinsa. Mai rumbu cike ne ake yi wa magana.

Lura kuma da yadda umarnin yake da hannu da ƙafa. An faɗi lokacinsa, an faɗi wurinsa, an faɗi da wa za a yi. A sura 14 har an faɗi da me. Idan hanyar zuwa wurin da Allah ya zaɓa ta yi wa mutum nisa, ba zai iya ɗaukar ushirin hatsinsa ba, sai ya sayar, ya ƙulle kuɗin, in ya isa ya sayi abin da ransa yake so, sa ko tunkiya ko ruwan inabi, ya ci a gaban Ubangiji shi da iyalinsa, ya yi murna, kada kuma ya manta da Balawe wanda ba shi da gona. A sura 24, aya 5, an hana a tafi da sabon ango yaƙi har shekara guda, don ya zauna gida ya faranta wa amaryarsa rai. Siffar da kalmar ta ɗauka a wannan aya ita ce ta sa wani farin ciki. Aiki ne da ake yi wa wani.

Wurin da na fi so a duk wannan batu shi ne Nehemiya sura 8, kuma ina so ki karanta shi a tsanake, don ya yi kama da halinki. Mutane sun komo daga bauta a Babila, sun gyara garun Urushalima, suka taru a dandalin da ke gaban Ƙofar Ruwa a rana ta fari ga watan bakwai. Ezra ya hau dakalin katako yana karanta Attaura tun da sassafe har tsakar rana, Lawiyawa suna fassara wa jama'a. Da mutane suka ji, sai suka ɓarke da kuka. Shugabannin ba su ce musu kukan nan zunubi ne ba. Sun ce yau rana ce tsattsarka, ku je ku ci mai maiƙo, ku sha mai zaƙi, ku aika wa wanda ba shi da abin da ya tanada, gama farin cikin Ubangiji shi ne ƙarfinku. Mutane sun riƙe ƙarshen maganar, ana rubuta ta a jikin mota da bangon shago, an bar farkonta. Alhali farkon ne ya nuna yadda ake yi: a ɗora tukunya, a ci, a zuba a kwano a aika wa wanda murhunsa bai ga wuta ba.

Akwai aya ɗaya mai nauyi da ba zan ɓoye miki ba, don wata rana wani zai jefe ki da ita. Maimaitawar Shari'a 28:47 ta ce masifu za su zo domin ba ku bauta wa Ubangiji Allahnku da murna da farin cikin zuciya ba. A nan kam har zuciya aka ambata, kuma ba zan rage mata kaifi ba. Amma ayar ba ta tsaya nan ba, ta ƙare da cewa a cikin yalwar kome. Laifin da ake nufi na ƙosasshe ne, wanda aka ba shi kome yana bauta da ɗaure fuska kamar mai biyan tara. Butulci ake zargi a wannan aya, ita kuwa mai kukan miji ba ta yi wa kowa butulci ba.

Yadda malaman Yahudawa suka warware tambayarki

Malaman Yahudawa masana shari'a ne, ba sa barin umarni yana yawo a iska. Sun yi irin tambayarki tun da daɗewa: an ce a yi murna a idi, to da me? Amsar tana cikin Talmud, babban kundin muhawarorinsu, a ɓangaren da ya shafi Idin Ƙetarewa. Suka ce sa'ad da Haikali yake tsaye, da naman hadaya ake murna. Bayan Romawa sun rushe shi a shekara ta 70, da ruwan inabi. Aka ce mata fa? Aka ce kowa da abin da ya dace da shi: matan Babila da tufafi masu launi, matan ƙasar Isra'ila da tufafin lilin da aka goge. Kin ga ba su shiga auna zuciyar kowa ba. Sun san zuciya ba ta jin tsawa, sai suka ɗora farillar a kan abin da hannu zai iya yi, suna sa ran zuciya za ta biyo baya a nata lokacin.

Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya tsara wannan a kundinsa na shari'a. Ya ce a ba yara gasasshen hatsi da 'ya'yan itace da kayan zaƙi, a saya wa mata tufafi da kayan ado gwargwadon hali, maza su ci nama su sha inabi. Sai ya kawo maganar da nake karanta wa kowane aji. Wanda ya kulle ƙofar gidansa ya ci ya sha da matarsa da 'ya'yansa, bai ciyar da matalauta da masu ɗacin rai ba, wannan murnar tumbinsa ce, ba murnar umarni ba. Masu ɗacin rai, 'yata, ya sa su cikin waɗanda ake kai wa. Bahaushe ma ya ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Kafin Musa ɗan Maimun, wani malamin Yahudawa na ƙasar Faransa da ake kira Rashi, wanda ya rasu a 1105, ya dubi jerin mutanen nan na sura 16 ya ce huɗu naka ne, ɗa da 'ya da bara da baranya, huɗu kuma na Allah ne, Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa. In ka faranta wa nasa, zai faranta wa naka. Maƙwabtanmu Musulmi ba za su ji wannan baƙo ba. Su ma an hana su azumi ranar Sallah, ana fitar da zakkar fidda kai don talaka ya samu na ci a ranar, ana kuma raba naman layya.

To mai makoki fa? A nan shari'arsu tana da abin da zai ba ki mamaki. Makoki shi ma wajibi ne a wurinsu: kwana bakwai na zaman gida bayan jana'iza, sai kwana talatin, ga iyaye kuwa har wata goma sha biyu. Ba a ɗauke shi rashin bangaskiya ba. Amma in idi ya shigo alhali an fara zaman kwana bakwai, idin yana yanke zaman. Ranar Asabar kuma ba a nuna makoki a bainar jama'a. Ma'anar wannan a ganina ita ce, akwai ɗan abin da ake nema daga mai makoki ma: ya tashi daga tabarma, ya sa tufafi masu tsabta, ya zauna cikin mutane. Ba a ce ya daina jin ciwo ba. An dai hana shi ya keɓe kansa a ranar da jama'a take taruwa, don keɓewa ita take cinye mutum.

Sun kuma ƙi murnar da ba ta da birki. Zabura 2:11 ta ce a yi murna da rawar jiki. Talmud ya ba da labarin wani malami da ya ga baƙi sun wuce gona da iri a bikin ɗansa, ya ɗauko ƙoƙon sha mai tsada ya fasa a gabansu, wuri ya yi tsit. Har yau ango Bayahude yakan taka gilashi ya fasa a wurin ɗaurin aure, ana tunawa da rushewar Urushalima. Mutumin da ake yawan jawo maganarsa cewa babban umarni ne mutum ya kasance cikin farin ciki kullum, wato malamin Yahudawa Nahman na Breslof, ya binne 'ya'yansa da matarsa, shi ma tarin fuka ya kashe shi a garin Uman na Yukren a 1810 yana da shekara 38. Duk lokacin da na tuna wannan nakan ji maganarsa da wani kunne dabam. Mutum ne da yake kokawa da duhu, yana faɗa wa kansa abin da zai riƙe shi.

Bulus da kalmar "kullum"

Ayar da dattijuwar ta jawo ita ce Filibiyawa 4:4, ku yi farin ciki cikin Ubangiji kullum, ina sake faɗa, ku yi farin ciki. Tana da 'yar'uwa a 1 Tasalonikawa 5:16, wadda kalma biyu ce kacal da Helenanci. Abu uku nake so ki gani a nan.

Bulus daga kurkuku ya rubuta wasiƙar, yana jiran hukuncin da zai iya zama kisa. Ya faɗi haka da kansa a sura ta fari. Mutanen Filibi kuwa sun san labarinsa, don a garinsu ne aka yi masa bulala shi da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare aka ji su suna addu'a da waƙa, kamar yadda Ayyukan Manzanni 16 ta ba da labari. A cikin wannan wasiƙa ta farin ciki, a 2:27, ya ce abokin aikinsa Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Allah ya ji tausayinsu ya raya shi, don kada baƙin ciki ya hau kan baƙin ciki a wurina. A 3:18 ya ce yana rubutu da hawaye. Ga Romawa ya ce yana da baƙin ciki mai yawa da ciwon zuciya marar yankewa saboda danginsa. Idan "kullum" na nufin fuska ba za ta taɓa jiƙewa ba, to marubucin ayar ne farkon wanda ya karya ta, tun tawadar ba ta bushe ba. Shi da kansa ya ba da mabuɗin a 2 Korantiyawa 6:10, inda ya kira kansa da abokansa masu baƙin ciki, amma kullum suna farin ciki. A zuciya ɗaya, a lokaci ɗaya.

Na biyu, umarnin jam'i ne. Hausa ta kyauta mana a nan, don "ku yi" aka fassara, yadda yake a Helenanci. Ikkilisiya ake yi wa magana a dunƙule, kuma aya biyu kafin nan yana roƙon mata biyu, Afodiya da Sintiki, su shirya tsakaninsu. Taron ne zai riƙe farin cikin, yadda ake ɗaukar jinka da hannu da yawa. Ranar da muryarki ta ƙi fita, ta kusa da ke tana yin waƙar a madadinki; wata shekara ke za ki yi mata. Bulus ɗin nan ne kuma ya rubuta a Romawa 12:15 cewa a yi murna da masu murna, a yi kuka da masu kuka. Wannan ma umarni ne, da murya iri ɗaya, kuma a ranar Lahadin nan ita ce ayar da ta hau kan dattijuwar.

Na uku, an faɗi abin da ake farin ciki a cikinsa: cikin Ubangiji. Ba a ce ki yi murna da mutuwar mijinki ba, ko da kuɗin makarantar da ya rage a wuyanki. Annabi Habakuk ya jera abin da ya rasa dalla-dalla, ɓaure bai yi toho ba, inabi bai ba da 'ya'ya ba, garke ya watse, turke ba saniya, sa'an nan ya ce duk da haka zan yi murna da Ubangiji. Bai tsallake lissafin asarar ba. A Galatiyawa 5:22 kuma an lasafta farin ciki cikin abin da Ruhu yake haifarwa a mutum, kamar 'ya'yan itace. Manomi yana da aikin huɗa da noma da ban ruwa, amma ba ya jan tsiro da hannu don ya yi tsawo. Yesu kansa ya yi kuka a bakin kabarin Li'azaru, yana kuwa sane da abin da zai yi nan da ɗan lokaci. A Yahaya 16 ya ce wa almajiransa za ku yi baƙin ciki, amma baƙin cikinku zai zama farin ciki, ya kawo misalin mace mai naƙuda. Ba wanda yake ce wa mai naƙuda ta yi dariya.

Ikkilisiyar farko ta bi hanyar da malaman Yahudawa suka bi, ta ɗora abin a jiki. Babban taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Nikiya a shekara ta 325 ya yanke cewa ranar Lahadi, da kwana hamsin daga Ista zuwa Fentikos, a tsaye za a yi addu'a, ba a durƙushe ba, saboda tashin Almasihu. Tsayuwa abu ne da mai kuka ma zai iya.

Na yi wannan kuskuren da kaina, shi ya sa ba na jin zafin dattijuwar nan ƙwarai. Ina sabon mai wa'azi aka aike ni gaisuwar mutuwa gidan da yaro ya rasu, na buɗe Filibiyawa 4 na karanta wa uwar. Ta ɗaga kai ta yi mini murmushin yaƙe, wanda ya fi kuka ciwo, don ta ga malami ya zo kada ta ba shi kunya. Har yau fuskar nan tana gabana. Abin da na sa ta yi ƙarya ce a gaban Allah, alhali Zabura cike take da masu kuka a fili, har Zabura 88 ta ƙare a cikin duhu ba tare da kalmar ta'aziyya ko ɗaya ba, aka kuma bar ta a cikin Littafi. Tun daga lokacin, in na je gidan makoki nakan zauna, in yi shiru, in tambayi ko an ci abinci.

Ke da Kirsimetin bana

Dokokin idi na Yahudawa ba su hau kanki a matsayin shari'a ba, ni ma Kirista ne da nake karanta malamansu a matsayin baƙo mai neman ilimi. Amma hikimar da ke ciki za ta yi miki amfani. Ki bar zuciyarki ta yi tafiyarta, ki riƙe abin da hannu zai iya. Ki je sujada ko da za ki yi kuka daga farko har ƙarshe. Zuwan kansa biyayya ce. Yaran nan uku marayu ne, suna cikin jerin da Allah ya kira nasa, ki ɗinka musu ko da riga ɗaya ɗaya ce in da hali, su ci abin da ba su saba ci kullum ba. In ba za ki iya tsayuwa a murhu ba, ki faɗa wa matan zumunta ko 'yan'uwanki a fili cewa bana ba za ki iya ba. Kada ki ji nauyin karɓar kwanon da aka aiko miki, haƙƙinki ne da aya. In kuwa kin samu ƙarfin dafa ko mudu ɗaya na shinkafa, ki zuba kaɗan ki aika wa wata da kika san ta fi ki kaɗaici. Na sha ganin wannan ɗan aiken yana buɗe abin da wa'azi goma bai buɗe ba, ko da yake ba zan yi miki alkawarin ranar da zai buɗe ba.

Maganar rashin barcin nan ta tsaya mini a rai. Ni malamin Littafi ne, ba likita ba. In ya ci gaba makonni, ko abinci ya ƙi shiga, ko kin kasa kula da yaran, ko tunanin bin mijinki ya fara zuwar miki, ki je asibiti ki faɗi yadda kike ji ba ɓoye-ɓoye, ki kuma sanar da wani babba da kika amince da shi a ranar. Ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, kuma ayar Filibiyawa ba ta hana ki shan magani ba.

Dattijuwar kuwa, kada ki ƙullace ta, kada kuma ki shiga jayayyar aya da ita. In ta sake tare ki, ki gaishe ta da ladabi ki ce, "Mama, har yanzu abin yana yi mini nauyi, ki zo gidana ranar Kirsimeti ki zauna da mu." In ta zo da kwano a hannu, ku ci tare. Bayan idi ki rubuto mini, ina so in ji wa ya zo, me yaran suka ci, kuma ko barcin ya fara dawowa.